Duwatsun Callanish: Abin da mai niyyar ziyara ya kamata ya sani

A gaɓar yammacin tsibirin Lewis, can ƙuryar arewa maso yammacin Sukotland a ƙasar Birtaniya, akwai wani tudu da ke fuskantar lungun teku mai suna Loch Roag. A kan tudun nan ne dogayen duwatsu kusan hamsin suke tsaye, waɗanda mutane suka kafa da ƙarfin damtsensu shekara kusan 5,000 da suka wuce. Ana kiran su Duwatsun Callanish, da sunan ƙauyen da ke gindinsu. A harshen Gelik na mutanen tsibirin ana rubuta sunan Calanais, kuma shi ne matafiyi zai fi gani a allunan hanya.

Binciken masana ya nuna an kafa da'irar da ke tsakiyar wurin tsakanin shekara ta 2900 da ta 2600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ke nan ta girmi babbar dalar Giza ta Masar, wadda aka gina wajen 2560 kafin Miladiyya, ta kuma girmi manyan duwatsun Stonehenge na kudancin Ingila, waɗanda aka ɗaga wajen 2500. Waɗanda suka kafa ta ba su bar rubutu ba, ko sunan da suke kiran kansu bai iso gare mu ba. Saboda haka abin da baƙo zai ji game da wurin gauraye yake: akwai wanda aka tono daga ƙasa aka auna, akwai hasashen masana, akwai kuma tatsuniya. Wanda zai kashe kuɗi da kwanaki ya je har can, gara ya san yadda zai rarrabe su tun daga gida.

Siffar wurin

Idan aka hango wurin daga sama, siffar gicciye ce mai zobe a mahaɗarta, ko da yake ba ta da wata alaƙa da addinin Kirista, domin ta riga shi da fiye da shekara 2,500. Zoben duwatsu 13 ne, tsawon kowanne kimanin mita uku. Faɗin da'irar bai wuce mita 13 ba, kuma gefenta na gabas a ɗan baje yake. Masu zuwa da hoton Stonehenge a zuciyarsu sukan yi mamakin ƙanƙantar filin, wanda bai fi tsakar gida madaidaiciya ba.

Kusa da tsakiyar zoben dutse mafi tsawo yake, mai mita 4.8. Faɗinsa mita ɗaya da rabi ne, amma kaurinsa bai wuce santimita 30 ba, kamar wani ƙaton allo da aka soke a ƙasa, kuma nauyinsa ya haura tan biyar. Daga zoben layuka biyu na duwatsu sun miƙa arewa daura da juna, da ɗan karkata zuwa gabas, suka bar hanya a tsakaninsu mai tsawon mita 83. Duwatsu 19 suka rage a wannan hanya. Sauran sassa uku gajeru ne: biyar a layin gabas, huɗu a na yamma, biyar a na kudu. Layin kudun ya nufi wani dutsen halitta da ke ƙarshen tudun, mai suna Cnoc an Tursa.

Duwatsun kansu daga tsaunukan yankin aka ɓamɓaro su. Nau'in da masana ke kira Lewisian gneiss ne, wanda shekarunsa suka kai biliyan uku, yana cikin duwatsu mafi tsufa a Turai. Yana da jijiyoyi kamar na katako, yana kuma tsagewa fale-fale, shi ya sa aka iya samun dogayen alluna ba tare da ƙarfen sassaƙa ba, don a lokacin mutanen yankin ba su san ƙarfe ba. Launinsa kan sauya da yanayi: toka-toka a busasshiyar rana, duhu mai sheƙi bayan ruwa.

Abin da tono ya bayyana

Mafi yawan abin da aka tabbatar ya fito ne daga tonon da masani Patrick Ashmore ya jagoranta a 1980 da 1981. Babban darasinsa shi ne cewa ba a rana ɗaya aka tsara wurin ba, kuma ba al'umma ɗaya ce ta yi amfani da shi ba.

Kafin a kafa ko da dutse ɗaya, gona ce a kan tudun. An ga alamun kunyoyi a ƙarƙashin da'irar. Sannan aka kafa zoben da babban dutsen tsakiya. Bayan wasu tsararraki, wasu suka zo suka cusa ɗan ƙaramin kabari na duwatsu a tsakanin babban dutsen da gefen gabas na zoben. Har yau ana ganin ɗakinsa a buɗe, kuma ko wanda ba masani ba zai lura cewa matse shi aka yi a wurin da ba don shi aka shirya ba. An yi ɗaruruwan shekaru ana amfani da kabarin, kamar yadda tsingaron tukwane na zamani daban-daban ya nuna. Tsakanin 1500 da 1000 kafin Miladiyya kuma manoma suka kwashe abin da ke cikinsa suka watsar, suka mayar da wurin gona. Wajen shekara ta 800 kafin Miladiyya aka daina amfani da shi ɗungurungum.

Daga nan ƙasa ta karɓi aikin. Yanayi ya ƙara sanyi da danshi, sai wata baƙar laka ta fara taruwa, wadda Turawa ke kira peat. A ƙasa mai sanyi da ruwa ke kwance, gansakuka da ciyawa kan mutu ba tare da sun ruɓe sarai ba, su yi ta hawa kan juna, kimanin milimita ɗaya a shekara. Mutanen Lewis, da yake itace ya yi musu ƙaranci, sukan yanka wannan laka kamar tubali, su shanya ta, su hura wuta da ita, kuma har gobe matafiyi zai ga ramukan yankanta a gefen titi. A Callanish ta taru har mita ɗaya da rabi, ta haɗiye kabarin, ta binne gindin duwatsun. Wannan binnewa da nisan tsibirin su ne suka kare wurin, a lokacin da ake farfasa irinsa da dama a wasu sassan Birtaniya don gina katanga ko faɗaɗa gona.

A 1857 mai tsibirin na lokacin, Sir James Matheson, ya ba da umarni a kwashe lakar. Matheson yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Jardine Matheson, ya tara dukiyarsa ne daga cinikin ƙwayar ofiyom a ƙasar Sin, ya sayi Lewis ɗungum a 1844, kuma a zamaninsa aka tura iyalai masu yawa daga tsibirin zuwa Kanada. Tarihin wurin ba ya cika sai da wannan. Ma'aikatansa ne suka gano kabarin da guntayen ƙasusuwan da aka ƙona, sai dai sun yi aikin ne da shebur, irin na masu share fili, don haka shaidu da yawa da masanin yau zai auna sun bi juji. A 1885 gwamnati ta karɓi kula da wurin, kuma yanzu yana hannun hukumar Historic Environment Scotland. A farkon shekarun 1980 an sake tayar da wani dutse na ƙarshen layin gabas, wanda ya daɗe kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Wani abu da tonon ya fito da shi ya shafi kalmar nisa, wadda ake yawan liƙa wa wurin. An samu tsingaron wani nau'in tukunya mai zanen tsage-tsage, irin wanda aka sani a tsibiran Orkney da ke arewa maso gabas, inda aka kafa wasu da'irorin duwatsu a kusan zamani ɗaya. A idon wanda ya taso daga Landan a mota, Lewis ƙarshen duniya ce. A zamanin da babu titi kuwa, daji da fadama ne ke tare mutum, teku kuma ita ce hanya, kuma Lewis tana kan hanyar kwalekwalen da ke bin gaɓar yamma tsakanin Orkney da Ailan. Lokacin ruwan teku bai kai tsayinsa na yanzu ba, yanayi ya fi sauƙi, ana noman sha'ir da kiwon shanu da tumaki. Al'ummar da ta iya tara hannayen da za su ja dutse mai tan biyar su tsayar da shi ba 'yan tsiraru ba ce da ke fama da abin kai wa baki.

Batun wata

Abin da ya fi ɗaukaka sunan Callanish a wannan zamani shi ne dangantakarsa da wata, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya fi yin hattara.

Kowa ya san mafitar rana kan matsa arewa ta dawo kudu a tsawon shekara. Wata ma yana yin irin wannan kai-komo, amma a cikin wata guda. Faɗin kai-komon nasa kuma ba ɗaya ba ne kullum: yana ƙaruwa yana raguwa a zagaye mai tsawon shekara 18.6. Idan zagayen ya kai ƙololuwarsa, wata kan fito a can kudu fiye da inda rana ke taɓa kaiwa. A ƙasashenmu na kusa da tsakiyar duniya wannan ba ya ɗaukar ido sosai, domin duk da haka watan kan hau sama. Callanish kuwa tana kan digiri 58 a arewa, inda cikakken wata na tsakiyar shekara, a irin wannan lokaci, da ƙyar yake ɗagowa daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Sai a gan shi ƙato, ja-ja, yana gangarawa a kan tsaunukan kudu na 'yan sa'o'i kafin ya faɗi.

A kudu maso gabas da wurin akwai jerin tsaunuka masu kama da mace kwance rigingine, waɗanda mutanen tsibirin ke kira Cailleach na Mòintich, wato Tsohuwar Fadama. Gerald da Margaret Ponting, waɗanda suka zauna a tsibirin a shekarun 1970, da kuma Ron Curtis wanda ya ci gaba da aikin tare da Margaret daga baya, sun nuna cewa wanda ya tsaya a ƙarshen arewa na doguwar hanyar duwatsun zai ga watan ya fito daga jikin waɗannan tsaunuka, ya bi ƙasa-ƙasa, ya ɓuya a bayan Cnoc an Tursa, sannan ya sake leƙowa a tsakanin duwatsun zoben kafin ya ɓace. An sa ido a kan hakan a 1987 da 2006 da 2025, kuma zagaye na gaba zai zo ne wajen 2043.

Cewa hakan na faruwa ba abin musu ba ne, lissafin taurari ne. Abin da ba a tabbatar ba shi ne ko don shi aka jera duwatsun. Masu shakka suna da hujja mai ƙarfi: idan kana da duwatsu hamsin da tsaunuka kewaye, ga rana da wata da taurari kowanne da mafitarsa, dole wani layi ya dace da wani abu ko da ba a nufa ba. Ga shi kuma ba a tantance shekarun doguwar hanyar yadda aka tantance na zoben ba, ta yiwu an ƙara ta ne daga baya. Sannan a tsibirin da gajimare ke rufe sama mafi yawan kwanaki, mutum na iya jiran shekara 18 dare ya zo ya wuce bai ga komai ba.

Duk da haka, ba daidai ba ne a yi watsi da hasashen. Masunta da masu tuƙa kwalekwale rayuwarsu ta rataya ne a kan cikar teku da janyewarta, wata kuwa shi ke juya su. Al'ummar da ta saba fita duban jinjirin wata ba za ta yi mamakin jin cewa wasu mutane, ba tare da takarda ko madubin hange ba, sun riƙe lissafin sama daga kaka zuwa jika. Adalcin magana shi ne a ce hasashe ne mai kyau wanda ƙasa ba ta riga ta gaskata ba.

Akwai wata hujja da ake yawan kawowa wadda ba ta kai wannan ƙarfi ba. Diodorus, marubucin tarihi da harshen Girka a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya, ya ambaci wani tsibiri na can arewa mai wurin bauta zagayayye, inda wata ke kusantar ƙasa, abin bautarsu kuma ke ziyarta duk shekara 19. Wasu sun ce Callanish yake nufi, wasu sun ce Stonehenge. Shi dai bai je ba, daga littattafan magabatansa ya kwaso, kuma ya yi rubutun ne bayan an yi ƙarnoni da barin wurin.

Abin da mutanen tsibirin suka ce

Tsoffin mutanen Lewis suna kiran duwatsun Fir Bhrèige, ma'ana mutanen ƙarya, domin daga nesa sun yi kama da taron mutane a tsaitsaye. Wajen 1680 wani ɗan tsibirin mai suna John Morisone ya rubuta cewa mutane ne da wani boka ya mayar duwatsu. Wata ruwayar ta ce ƙattai ne da suka ƙi karɓar addinin Kirista, waliyyi Kieran ya daskarar da su. Martin Martin, wanda ya zagaya tsibiran wajen 1695, an gaya masa wurin bautar arna ne, inda babban limamin da ake kira Druid ke tsayawa kusa da dutsen tsakiya yana yi wa jama'a jawabi. Wannan zance ya yaɗu ƙwarai, amma bai da tushe, domin su Druid sun bayyana ne fiye da shekara 2,000 bayan kafa zoben.

Wadda ta fi daɗin ji ita ce ta farar saniya. An ce a wata shekarar yunwa wata farar saniya ta fito daga teku ta tsaya a tsakanin duwatsun, kowane gida ya zo ya tatsi ƙwarya ɗaya, ba ta ƙafe ba. Sai wata mayya ta zo da rariya a maimakon ƙwarya, ta yi ta tatsa har nonon ya ƙare, saniyar ta koma teku ba a sake ganinta ba.

Hanya, Lahadi da yanayi

Ɗan Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Birtaniya. Daga can, ƙofar tsibirin ita ce garin Stornoway. Jiragen kamfanin Loganair na zuwa daga Glasgow da Edinburgh da Inverness, tafiyar da ba ta wuce kimanin sa'a ɗaya ba. Mai son hanyar ruwa zai hau mota daga Inverness zuwa Ullapool, ya shiga jirgin fito na kamfanin Caledonian MacBrayne, ya tsallaka mashigin Minch cikin kimanin sa'a biyu da rabi. Akwai kuma wani jirgin daga Uig a tsibirin Skye zuwa Tarbert da ke kudu. Iska mai ƙarfi kan sa a soke tashin jirgi, musamman da hunturu, don haka kada mutum ya tsara komawarsa ba tare da rarar kwana ɗaya ba. Daga Stornoway zuwa Callanish kimanin kilomita 25 ne, rabin sa'a a mota.

Ranar Lahadi tana da nata hukunci. Lewis na cikin wuraren da suka fi riƙo da hutun wannan rana a duk Birtaniya: yawancin shaguna a rufe suke, motocin haya na jama'a ba sa aiki, kuma sai a 2009 jirgin fito ya fara tashi daga Stornoway ran Lahadi, bayan doguwar taƙaddama. Baƙo ya sayi abincinsa tun Asabar, ya kuma rage hayaniya a ƙauyuka. Musulmi zai sami masallaci a Stornoway, wanda aka buɗe a watan Mayun 2018, na farko a waɗannan tsibirai. Yana da kyau ya nemi jadawalin salla a can, domin a watan Yuni yini kan kai sa'a 18 kuma shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya har asuba, a Disamba kuwa yinin bai kai sa'a bakwai ba.

Ko a Yuli, watan da ya fi ɗumi, zafin rana bai cika wuce digiri 16 ba. Ruwa da iska na iya zuwa kowane lokaci, kuma lema ba ta da amfani a kan tudun; rigar ruwa da takalmi mai hana jiƙa su ne abin nema. Daga Yuni zuwa Agusta, idan iska ta kwanta, wasu 'yan ƙwari irin ƙyashi kan fito da yawa su addabi mutum. Mayu da Satumba sun fi sauƙi ta wannan fanni.

A tsakanin duwatsun

A Stonehenge an killace duwatsun daga yawancin baƙi tun ƙarshen shekarun 1970. A Callanish an daɗe ana barin mutum ya shiga zoben ya tsaya a gindin babban dutsen, kuma wannan gata shi ne ke cikin haɗari. Masu ziyara sun haura 100,000 a shekara, ga sabuwar tashar manyan jiragen yawon buɗe ido da aka buɗe a Stornoway a 2024, wadda ke sauke ɗaruruwan mutane a lokaci guda. Ƙafafu na cinye ciyawa, ƙasar da ke riƙe da gindin duwatsun da sauran shaidun da ba a tono ba tana zaizayewa. Shi ya sa hukumar kula da wurin da ƙungiyar al'ummar yankin mai suna Urras nan Tursachan, wadda ke tafiyar da cibiyar baƙi tun 1995, suka fito da shirin faɗaɗa cibiyar da sanya kuɗin shiga a wurin da aka saba shiga kyauta. Mai tafiya ya duba shafin hukumar a intanet kafin ya tashi.

Doka ta kare wurin: hawa duwatsun ba daidai ba ne, karce su ko tona ƙasa ko amfani da na'urar neman ƙarfe ba tare da izini ba kuwa laifi ne. Filayen kewaye na kiwon mutanen ƙauye ne, duk ƙofar shingen da aka buɗe sai a mayar da ita. Motocin 'yan yawon buɗe ido sun fi yawa daga hantsi zuwa la'asar, don haka sassafe da yamma liƙis sun fi, kuma a lokacin ne hasken rana ke fito da jijiyoyin dutsen. Ya fi kyau mutum ya fara daga ƙarshen arewa na doguwar hanyar ya tako zuwa zoben, domin ƙasar tana ɗan hawa, duwatsun kuma sai su yi ta ƙara girma a idonsa.

Yawancin baƙi a nan suke tsayawa, alhali akwai wasu wuraren duwatsu fiye da goma a kewayen Loch Roag. Biyu daga ciki, Cnoc Ceann a' Ghàrraidh da Cnoc Fillibhir Bheag, waɗanda masana suka yi wa lamba Callanish na biyu da na uku, ba su fi tafiyar minti ashirin a ƙasa daga babban wurin ba, kuma daga kowannensu ana hango shi a kan tudunsa. Hanyar zuwa gare su ta ratsa fadama mai taɓo, ba kasafai ake tarar da kowa a can ba sai tumaki.